Kwalin da ke bayan robar zoɓo

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 36, da matata da yara biyu, muna kuma fatan na uku. Shekara biyar ke nan ina gudu don sha'awa, muna da ƙungiya da muke fita bayan sallar asuba. A watan Fabrairu na yi gudun fanfalaki na Legas, na gama a awa 3 da minti 48, burina kuwa in sauko ƙasa da uku da rabi. Da na dawo sai agarar ƙafata ta hagu ta kumbura, na yi wata biyu ban yi gudu ba, ga azumi ya shigo a tsakiya. Da na koma, wani abokina da a da nake tsayawa in jira shi, yanzu ko ƙurarsa ba na gani, kuma zuciyata na raya min akwai abin da yake sha. Wani yaro a gidan motsa jiki ya sayar min da EPO, allurar nan ta ƙara jini, da allurar testosteron, sinadarin maza mai gina tsoka, kuɗin ya kusa albashina na wata. Ya ce yanzu da babu gasa ne lokacinsu, kafin Fabrairu sun fita daga jikina, kuma mu 'yan sha'awa ba mai gwada mu. Ban fara ba. Kwalin na cikin firij bayan robar zoɓo, na ce wa matata maganin ƙarin jini ne. Ba zan ɓoye ba, kafin in ji ciwon nakan haɗiyi tiramol ranar dogon gudu. Tunda ba ranar gasa zan yi ba, kuma ba kyautar kowa zan ƙwace ba, wa na cuta? Kuma haɗarin ya kai yadda ake faɗa?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kalma uku ne suka sa na sauke ajiyar zuciya: "ban fara ba". Mutumin da ya zuba kusan albashin wata a kan abu, ya kai shi gida, ya nema masa maɓoya a firij, sannan ya zauna rubuta wasiƙa, to shi ma hankalinsa bai kwanta da abin ba. Don haka ba sai na yi maka dogon wa'azi ba.

Bari in fara da inda yaron nan ya faɗi gaskiya, kada ka ce ba ka tsoro na zo yi. Da wuya a gwada ka. Hukumar WADA mai yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni, wadda aka kafa a 1999 bayan abin kunyar da ya fashe a tseren keke na Tour de France na 1998, tsarinta mai tsauri ne, amma a kan manyan 'yan wasa yake. Su ake tilasta wa su faɗi inda za a same su na tsawon awa ɗaya a kowace rana ta Allah, kuma wanda ya saɓa sau uku cikin wata 12 hukunci ya hau kansa ko da jikinsa fes yake. Kai ba wanda zai buga maka ƙofa da asuba riƙe da kwalbar fitsari. A Legas ma, kafin ka iso Eko Atlantic, inda ake ƙare gudun, waɗanda ake gwadawa sun yi wanka sun karya kumallo. Akan kama 'yan sha'awa jefi-jefi, kamar mutum biyun da aka samu da EPO a tseren keke na Gran Fondo a New York a 2012, tseren da yawancin masu shigarsa irinka ne, masu aiki da iyali. Amma ba a kan tsoron kamu na ɗora shawarata ba.

Inda ya yi maka rufa-ido shi ne da ya nuna maka kamar lokacin hutu wani fili ne daban da ba ya cikin gasa. Kai da ka taka kilomita 42 da ƙafarka ka fi ni sani, ranar gasa girbi ne kawai. Noman an yi shi tun a watannin da ba mai kallo, a duhun asuba, lokacin da sauran jama'a ke juyi a gado. Wanda ya zuba taki da damina ba zai zo da kaka ya ce hatsinsa ba ruwansa da taki ba, wai don ba a ga taki a kan zangarniya ba. Shi ya sa jerin haramtattun magunguna na WADA, wanda sabonsa ke fara aiki kowace 1 ga Janairu, aka kasa shi biyu. Wasu a lokacin gasa kaɗai aka hana su. Wasu an hana su a kowane lokaci, da gasa da ba gasa, kuma duka biyun da ke cikin firijinka suna cikin wannan rukuni na biyu.

Duba ma inda aka kama manyan. Rita Jeptoo ta Kenya, wadda ta ci gudun fanfalaki na Boston da na Chicago, gwajin bazata aka yi mata a watan Satumba na 2014, ba a filin gasa ba, aka samu EPO. Jemima Sumgong, mai zinaren gudun fanfalaki na Olamfik a Rio a 2016, haka ita ma a Fabrairun 2017. Tamu ta gida, Blessing Okagbare, ta yi gudun share fage na mita 100 a Olamfik na Tokyo a 2021, washegari aka dakatar da ita saboda samfurin da aka ɗauka ranar 19 ga Yuli, tun ba a buɗe wasannin ba, kuma a ƙarshe haramcin shekara 11 ta kwasa. A Tokyon nan dai aka hana 'yan Najeriya goma shiga gasa ba tare da an same su da komai ba, don kawai ba a yi musu gwajin bazata sau uku a wata goman da suka gabata ba. Masu tsaron wasan sun daɗe da sanin cewa ɓarnar a lokacin hutu ake yin ta. Dabarar da yaron ya kawo maka a matsayin sirri, tsohuwar dabara ce da aka gina hukuma guda don toshe ta.

Yanzu ga abin da nake so ka juya a ranka. EPO sinadari ne da ƙodarka ke samarwa da kanta, ya aika wa ɓargo saƙo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, masu dakon iska zuwa tsoka. Na allurar yakan ɓace daga fitsari cikin kwanaki, jinin da ya ƙara kuma yakan koma yadda yake cikin makonni bayan an daina. In ka yi shi da damina, kafin Fabrairu babu shi babu dalilinsa, sai ɗan abin da ka tara na atisaye. Ina tabbatar maka a watan Janairu yaron zai dawo ya ce maka "ɗan ƙari ɗaya kawai, oga, don kada wahalarka ta tafi a banza". Testosteron kuwa labarinsa daban ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Oslo sun ba ɓeraye shi na mako biyu suka janye. Bayan wata uku, wanda a rayuwar ɓera lokaci ne mai tsawo, da aka sa su aiki tsokarsu ta girma da sauri fiye da ta 'yan'uwansu nesa ba kusa ba, don maganin ya bar musu ƙarin cibiyoyi a cikin tsoka. Ɓera ba mutum ba ne, na sani, amma abin da binciken ke nunawa a fili yake: magani na iya fita, aikinsa ya zauna.

To ka ga ɗaya cikin biyu ne. In amfanin ya gushe kafin gasa, an cuce ka albashin wata. In bai gushe ba, da shi ka tsaya a layin farawa a Legas, maganar "ba ranar gasa na yi ba" kuma ta faɗi.

Ka tambayi haɗari. Na ga EPO a inda ya dace da shi. Na yi wata da watanni ina raka wani kawuna wankin ƙoda, Allah ya jiƙansa. Ma'aikaciyar jinyar ba ta taɓa fito da ƙaramin sirinjin nan ba sai ta ɗaura masa awon hawan jini, ta buɗe fayil ta bi sakamakon gwajinsa da yatsa. Wata rana ta duba, ta mayar da sirinjin cikin firij, ta ce, "Baba, yau ba allura, jinin ya hau." Kawuna ya yi ta mita a mota, wai an hana shi abin da ya biya kuɗinsa. Wannan fa mutum ne da jininsa ya ƙare har tafin hannunsa ya yi fari. Ga irinsa, likitoci ba su cika barin awon PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi cikin ɗari na jini, ya wuce tsakanin 30 da 35 ba, don an gano tura shi sama na kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan kwalin tun 2007. Kai lafiyayyen namiji naka yana tsakanin 40 da 50 tun ba ka taɓa komai ba. Daga nan za ka tura shi sama, ba mai auna ka, ba mai ce maka yau ba allura. A 1997 hukumar tseren keke ta duniya ta kafa dokar cewa duk wanda nasa ya haura 50 a zaunar da shi mako biyu saboda lafiyarsa, kuma waɗannan mutane ne masu likita a gefe dare da rana.

Jini in ya yi kauri kamar kunun da ya kwana yake, zuciya ce ke shan wahalar tura shi. Ƙara masa zufar kilomita 25 a zafin Kaduna. Ƙara masa testosteron, wanda shi ma yana ɗaga PCV da kansa, abin da na tabbata mai sayarwar bai faɗa maka ba, wataƙila ma bai sani ba. Sannan da dare ka kwanta, bugun zuciyar ɗan gudu ya sauko ƙasa kamar yadda ya saba, jinin na tafiya a hankali. A irin wannan yanayi gudan jini ke samun wurin zama.

Wani abu kuma, EPO magani ne da ake ajiyewa a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har jikin majinyaci. Wa ya san hannu nawa naka ya bi, a bayan wace mota ya kwana, a cikin jakar wa ya sha rana? Kai kanka awa nawa firijinka ke samun wuta a yini? Ko rubutun da ke jikin kwalbar ba ka da tabbacin shi ne abin da ke ciki.

Ka ambaci haihuwa ta uku a gefe, kamar ba ta cikin maganar, alhali ita ce tsakiyarta. In testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga ya wadata, ta daina aika umarni ga maraina. Su daina samar da nasu, su daina ƙera ƙwayoyin haihuwa, har su kan motse. Abin ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, kuma a sakamakon da ta fitar a 1990 kusan biyu cikin uku na mazan ba a samu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsu ba cikin wata shida. Yawanci yakan dawo bayan an daina, amma sai an yi watanni, wani ma fiye da shekara. Ka san kuma yadda garin nan yake. In ciki ya yi jinkiri ba kai za a kalla ba. Matarka za a fara yi wa kallon gefen ido, ita za a kai asibiti, ita za a ɗura wa jiƙe-jiƙe, kana tsaye ka san dalili. Ga agararka ma: irin waɗannan allurai na ƙarfafa tsoka fiye da yadda jijiya ke iya biyo ta, kuma an sha ganin jijiya ta tsinke wa masu amfani da su. Tsoka mai sabon ƙarfi tana jan jijiyar da ba ta gama warkewa ba, ka ƙarasa lissafin da kanka.

Sai tambayarka ta wa na cuta. Ni ba malami ba ne, amma kowa ya san hadisin da ke cikin Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abincin sayarwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka lura ba a tambayi mai abincin ko ribar da yawa ce ko kaɗan ba. A ƙungiyarku ranar da ka dawo kana tashi kamar barewa za a tambaye ka me ka canza. Me za ka ce? In ka ce atisaye ne, wani yaro ɗan shekara 22 zai yi ta kashe kansa yana bin lambar da ba da ƙafa kaɗai aka kawo ta ba. In ka faɗi gaskiya, ka zama dillali na biyu. Kuma ka duba abin da ake yi da kai yanzu: zato kawai ka yi wa abokinka, zaton nan ya kai ka ga sayen allura. Haka abin ke yaɗuwa.

Ƙwararre da ke yin wannan aƙalla akwai dala da kwangila da yake hange, ba ina wanke shi ba ne. Kai fa? Lambar yabon da za a rataya maka a Legas iri ɗaya ce da ta wanda ya shigo bayan awa biyar. Abin da kaɗai ka mallaka a wasan nan shi ne in ka kalli 3:48 ka san naka ne, kowane minti da guminka. In agogo ya nuna 3:29 da taimakon kwalin nan, kai kaɗai ne a duniya lambar ta dama, kuma kai kaɗai ne ka san ba taka ba ce.

Abokinka kuwa ka bar shi. Wata biyu kana zaune yana gudu, ba a bukatar allura kafin a bayyana tazarar da ke tsakaninku. Ka tambaye shi kilomita nawa yake yi a mako, kila amsar ta ba ka kunya.

Tiramol ɗin nan ya fi damuna fiye da yadda ka ɗauke shi, don shi ka riga ka fara. Ina kyautata zaton shi ya kai agararka inda take. Ciwo ɗan aike ne, ya zo ya ce maka ka tsaya, kai kuma ka toshe masa baki ka ci gaba da taka ƙafar. Hukumar tseren keke ta hana shi a gasa tun 2019, da shi aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a Tour de France na 2022, WADA kuma ta sa shi a jerinta na lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Na asibiti miligiram 50 ko 100 ne, wanda ke yawo a hannun 'yan tebur kuwa har 225 ake samu, irin wanda hukumar NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena, kuma yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba. In ranar dogon gudu kaɗai kake sha, ka daina daga yau. In kuwa ka lura ya fara shiga sauran ranakun, ka faɗa wa likita ba kunya, a sauke ka a hankali, don yanke shi lokaci guda na da tasa wahalar.

Minti 18 ɗin da kake nema ba a sama suke ba. Awa 3 da minti 48 na nufin kusan minti 5 da daƙiƙa 24 a kowace kilomita, uku da rabi kuma minti 4 da daƙiƙa 59. Daƙiƙa 25 ne tsakani. Ga mai shekara 36 da ke gudu da ciwo yana rufe shi da ƙwaya, akwai sauran wuri da yawa kafin a ce ya kai iyakarsa. Ka fara da asibiti: a auna PCV ɗinka da sinadarin ƙarfe na jini, a duba maleriya da tsutsar ciki da hawan jini. Mu nan maleriya kaɗai na iya zaftare wa mutum jini ya yi ta haki bai san dalili ba, kuma in ƙarancin ƙarfe ne, maganinsa bai kai kuɗin man da kake sha a mako ba. Sannan ka nemi likitan gashin ƙashi ya duba agarar. Abin da aka fi sani yana gyara ta abu ne mai ban haushi don sauƙinsa: ka tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, ka sauke dunduniya ƙasa a hankali, ka maimaita, kullum, har kusan wata uku. Kafin nan keke ko ninƙaya su riƙe maka numfashi. In ka koma gudu, yawancinsa ya zama a saurin da za ka iya hira da na gefenka, ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Legas danshi ne da zafi, gadar Third Mainland kuma ta kusa kilomita 12 babu inuwa ko ta sanda, don haka daga Disamba, lokacin da hunturu ke ruɗin 'yan Arewa su ɗauka sun yi ƙarfi, ka riƙa sa wasu gudun da hantsi don jiki ya saba da zafi. Kila a Fabrairu mai zuwa 3:38 za ka gani, uku da rabin sai wata shekarar.

Saura matarka. Ka ce mata maganin ƙarin jini ne, kuma abin dariya ba ƙarya zalla ka yi ba, shi ya sa ta fi muni. Ka zaunar da ita yau bayan yara sun yi barci ka faɗa mata abin da ke cikin kwalin da nawa ka saya. Za ta yi faɗa a kan kuɗin, tana da gaskiya, ka sunkuyar da kai ka sha. Kada ka mayar wa yaron don ya rage maka wani abu, gobe a jikin wani zai ƙare. Kada kuma ka jefa a bola inda yara ke tone-tone. Ka kai wa mai harhaɗa magani a asibiti, ka ce a zubar da shi yadda ya kamata, da allurorin duka. Kafin ka samu zuwa, a fitar da shi daga firij ɗin da yaranka ke buɗewa neman zoɓo, a kulle shi a inda hannunsu ba ya kaiwa.

In ka karɓo sakamakon gwajin ka sake rubuto min, ka haɗa da yawan kilomitar da kake yi a mako kafin ka ji ciwon, mu ga daga inda za a faro.